Goggo, Wadda Ta Ce In Tafi Kuma Ta Hana Ni Tafiya

Kwana goma sha biyu gawar Goggo ta yi a firjin asibiti kafin a binne ta, kuma a kwanakin nan ba irin maganar da ban ji ba a gidan nan. Matan ikilisiya sun cika falo da baranda, su rera waƙa, su yi kuka, su share hawaye su tambaya ko an kawo zanen anko. Mutanen Zongo kuwa, dangin Musulmi da aka haife ta a cikinsu, suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida. Ba su shigo ba, ba su kuma tafi ba. Babana yana cikinsu. Ƙanenta ne, mahauci ne a babbar kasuwar Sokode, kuma kullum idan na kai musu koko da safe sai ya tambaye ni, “Yau ma ba za a sa ta ba?” In ce masa ana jiran 'ya'yanta daga Lome, ana jiran fastoci su sa rana. A kwana na biyar ya ce, “Ni mahauci ne, na san abin da ake ajiyewa a firji. Yayata ce fa.” Ya juya yana kallon titi, ni kuma na kwashe kofuna na koma ciki.

A ciki kowa da labarinsa. Matan ikilisiya Mama suke ce mata, don matar tsohon fastonmu ce, wanda duk muke kira Baba. Wannan ta tashi ta ce Mama ce ta gyara mata aure. Waccan ta ce har ta kai tasha Mama ta bi ta ta dawo da ita, ga shi yau tana goyon jikoki. Aka yi ta cewa amin. Wata kuma, matar wani fasto daga wajen Kambole, ta zo da rana tsaka, ta gaishe mu, ta ƙi zama. Na raka ta bakin ƙofa, ta tsaya tana gyara ɗankwali, ta ce, “Ni ma ita ce ta mayar da ni.” Na jira ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba. Har yau ban san yabo ta zo yi ba ko ƙara ta kawo.

Ni ce ta riƙa, shi ya sa nake ganin wajibina ne in rubuta wani abu kada a manta da ita. 'Ya'yanta biyu duk maza ne, sun yi nisa tun suna samari. Ita ta bar Zongo tana budurwa ta auri mai wa'azi, dangi suka yi shekaru ba sa gaishe ta. Da mahaifiyata ta rasu ina shekara shida, babana ya rasa inda zai kai ni, ya kama hannuna ya kawo ni ƙofar gidan da ya rantse ba zai taka ba. A hannunta na girma, a ikilisiya na girma, kuma ita ce ta zaɓa mini miji, wani matashin fasto mai murya da ladabi. Gaskiyar magana ita ce na zauna rubutun nan sau uku ina yagewa, don ban san wace Goggo zan rubuta ba.

Wadda kowa ya sani ba ta da wuyar faɗa. Goro ba ya barin bakinta, duk da matan zumunta na ikilisiya suna ganin bai dace da matar fasto ba. Butarta tana nan bakin ɗaki, ba ta buɗe Littafi Mai Tsarki sai ta wanke ƙafa da hannu da fuska, ta ce ita ba za ta je gaban Ubangiji da ƙurar kasuwa ba. Kiran asuba na masallacin unguwa shi ke tashinta, ta durƙusa ta yi addu'arta, ta ce ladanin nan agogonta ne kuma bai taɓa makara ba. Karatu take da yatsa, da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, idan ta zo wurin da bai yi mata daɗi ba sai ta tsaya ta ce, “To, haka aka rubuta,” ta wuce. A tsakiyar taron mata sai wallahi ta kuɓuce mata, ta rufe baki ta ce, “Ku yi haƙuri, bakin Zongo ne.” Kowace Kirsimeti sai ta aika a sayo rago, ta sa babana ya yanka da hannunsa, don idan ta aika da shinkafa Zongo su ci ba tare da shakka ba. Shekarun farko ana dawo mata da kwanon yadda ta aika shi. Ba ta daina ba har aka fara dawo da shi a wanke.

Sannan akwai koyarwarta. Kowace shekara matan fastoci suna taruwa daga Sotouboua, daga Tchamba, daga ƙauyuka, ita ce ke rufe taro. Maganarta ɗaya ce, har mun haddace: “Matar fasto ba ta yaji. Ranar da ta yi yaji rabin matan ikilisiya za su ɗaure kayansu su bi bayanta.” Mu yi dariya, mu tafa. Ni na fi kowa tafi, don lokacin ban san komai ba.

Bara ne abin ya faɗo mini. Maigidana yana riƙe da wata ƙaramar ikilisiya a nan Sokode. Aka riƙa ganin babur ɗinsa da rana tsaka a ƙofar wata gwauruwa, tela ce, tana cikin mawaƙa. Dattawa suka kira shi, bai yi musu ba. Ya yi kuka a gabansu, ya yi azumin kwana bakwai, ya je ya durƙusa wa Baba, har Zongo ya je da ƙullin goro ya ba babana haƙuri. Ni kuma ya same ni ina tsince shinkafa, ya ce, “Shaiɗan ne ya samu ƙofa. Na tuba a gaban Allah da dattawa, an yi addu'a a kai.” Na ci gaba da tsince shinkafata, don idan na ɗaga kai ban san abin da zan yi da farantin ba.

Hukuncin ya fito kashi biyu. Ita telar aka sa ta horo: wata shida a bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba waƙa, kuma aka karanta laifinta a gaban jama'a ba tare da an ambaci wanda ta yi da shi ba, ko da yake har yara sun sani. Shi kuma aka ba shi afektasiyo, canjin wurin aiki, zuwa wata ikilisiya a Dapaong, can arewa inda ba a san labarin ba.

Amma akwai ƙa'ida a wurinmu, kuma a kanta komai ya rataya. Ba a miƙa wa fasto ikilisiya sai matarsa tana tsaye a gefensa. Ranar bikin miƙawar ana kiran su biyu gaba, a tambaye shi, sannan a juya wajenta a ce, “Kin yarda ki tsaya tare da shi a wannan aiki?” Ta ce ta yarda, a ɗora musu hannu. Idan ba ta zo ba, ba mumbari, ba gidan fasto, zama kawai zai yi kamar baƙo har a gaji a ba wani. Wato idan na je na tsaya, na rufa masa asiri da bakina a gaban mutanen da ba su san komai ba. Idan ban je ba, na tuɓe masa rigar da ya yi shekara goma sha biyar yana sawa, kuma uban 'ya'yana ne. Ya tafi Dapaong ya jira ni. Ni na kwashi yara na dawo gidan Goggo, na ce zan huta sati biyu.

Lahadin farko da aka sa matar nan a bencin baya, ina zaune gaba kusa da Goggo, kaina a sunkuye. Ana cikin waƙar farko sai na ji ta motsa. Ta dafa sandarta, ta tashi, ta bi tsakiyar ikilisiya a hankali, sanda tana ƙwas-ƙwas a siminti, kowa yana kallo, har ta isa baya ta zauna kusa da ita. Ta buɗe littafin waƙa ta riƙe musu su biyu. Wallahi ban ji kalma ɗaya daga wa'azin ranar ba.

Muna shiga gida ban ko cire ɗankwali ba na tare ta.

“Goggo, ni kika riƙa ko ita?”

Ta zauna, ta ɓare goro, ta ce, “Mutum biyu suka yi abin nan. An ba ɗaya afektasiyo. To wa zai zauna a wurinsa?”

“Ki je ki faɗa wa dattawa haka mana.”

“Ba a faɗa.”

“Ni fa? Ni wa zai zauna kusa da ni?”

“Ke ki shirya ki bi mijinki. Matar fasto ba ta yaji.”

A nan na faɗa mata maganar da har yanzu take ci mini rai. Na ce wannan munafunci ne, ta san ba a yi adalci ba amma tana tura ni in je in sa hannu a kai. Na ce duk matan da ta mayar gidajensu, ta taɓa bin su ta ga yadda suke kwana? Ta kalle ni, ta ci gaba da tauna goronta. Sati guda ban gaishe ta ba, a gida ɗaya, ina kai mata abinci in ajiye in juya. Ita kuma kowace Lahadi sai ta koma bayan nan, har ƙafafunta suka daina kai ta ikilisiya.

Ciwon gaskiya ne, kada wani ya ce ba haka ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, likita ya ce zuciya ce. Amma yadda ta yi amfani da shi, nan ne kaina ya ɗaure. Kullum da safe idan ina shafa mata man kaɗanya a ƙafa sai ta fara: zaman me nake yi, mijina yana can shi kaɗai yana cin abincin kasuwa, zunubi nake tarawa, in tashi in tafi. Idan baƙi suka zo ta ƙara murya don su ji. Amma ranar da dattawa suka aiko mutum biyu su gaya mini an sa ranar biki, sai na ga Goggo, wadda ɗazu take zaune tana ba ni umarni a kan miya, ta miƙe a gado ta ja zane har wuya. Ta ce musu da 'yar siririyar murya, “Ku ɗauke ta, ba komai. Sai dai ban san wanda zai juya ni ba. Ni kuma ba mai ganin jikina sai 'yar ƙanena, na gwammace in ruɓe.” Mutanen suka kalli juna, suka ce a ɗaga ranar. Suna fita ta tashi zaune ta ce in duba miyar kada ta kama.

Na ce, “Goggo, me kenan?”

Ta ce, “Me?”

Sau uku ana sa rana ana ɗagawa. Kafin na ukun na gaji da kaina, na gaji da ita, na gaji da kiran wayar maigidana kowace yamma yana cewa mutane sun fara tambaya. Goggo ta matsa mini kwana uku a jere, har da hawaye, ta ce kada ta mutu da alhakin aurena. Na ce to. Na shirya, na bar yara wurin maƙwabciya, na tafi tasha, na samu kujera kusa da taga a motar Dapaong. Saura mutum biyu ta cika sai ga waya, maƙwabciyar ce, wai Mama ta faɗi. Na sauko, na hau babur, muna gudu ina addu'a ina zagin kaina. Na tarar da ita zaune a baranda da goro a baki.

“Jiri ne,” ta ce. “Ya wuce. Motar ta tashi?”

Na ce ta tashi.

“Ayya. To, sai wata rana.”

Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yarinya, ita kuma ta ɗora hannu a kaina tana cewa in yi shiru maƙwabta za su ɗauka mutuwa ta yi. Ban san haushinta nake ji ba a ranar ko godiya. Abin da na sani shi ne da na ji motar ta tashi ba ni a ciki, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, kuma na ji kunyar hakan.

Kwana biyu kafin ta cika, da hantsi, ina yanke mata farce, na ce yau sai ta gaya mini. Na ce, “Goggo, ba kowa a nan, daga ni sai ke. In tafi ko in zauna?” Ta ce, “Na mayar da mata da yawa. Wasu na yi daidai.” Na ce, “Sauran fa?” Ta ce, “Miƙo mini ruwa.” Na miƙa mata, ta sha, ta ce farcen babban yatsa bai yanku da kyau ba. Maganar kenan, ba mu sake yin wata ba.

Da ta rasu, uzurina ya bi ta. Dattawa ba su ɓoye ba: an binne ta Asabar, Lahadi aka yi sujadar godiya, kuma Lahadin da ke biye ita ce rana ta ƙarshe. Idan ban tsaya a Dapaong ba za a ba wani ikilisiyar. Maigidana ya zo jana'iza, ya rame, shi ya karanta nassi a bakin kabari, muryarsa tana rawa har mata suna cewa Allah sarki. Ya ce mini Litinin da safe za mu kama hanya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na ce bari in sallami baƙi.

Cikin baƙin akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Moba da ta zo tun daga Dapaong, ba wanda ya san ta. Bayan sujadar godiya ta same ni a bayan gida ina wanke tukwane, ta ja kujera ta zauna, ta ce ita da Mama tare suka yi tallar shinkafa da wake a kasuwa. Na ce ta yi kuskure, Goggo ba ta taɓa talla ba. Na san dai sun zauna a Dapaong kafin a kawo ni, daga can aka yi wa Baba afektasiyo zuwa Sokode, iyakar abin da na sani kenan. Tsohuwar ta yi dariya da Hausarta ta kasuwa, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, ta ce, “Mamanku bai bi shi ba. Shekara biyu ya zauna.”

Na ajiye soso. Ta ba ni labarin kamar abin da kowa ya sani. Baba, wannan Baban namu mai farin gashi, ya yi irin abin da maigidana ya yi, da wata malamar makaranta. Aka rufe, aka ba shi canjin wuri. Goggo ta ce ba inda za ta. Dattawan lokacin suka zo, suka dawo, suka yi mata wa'azi, suka yi mata barazana, ta kama ɗaki a bayan kasuwa da yaranta biyu, tana dafa shinkafa da wake, ranar kasuwar garin Nano ita da tsohuwar su hau mota tare su kai can. Shekara biyu cif Baba yana Sokode ba mumbari. Wata rana kuma, ba wanda ya roƙe ta, ba wanda ya aiko, ta raba wa maƙwabta tukwanenta ta hau motar albasa ta tafi. Na tambayi tsohuwar me ya sa ta koma. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ma abin da ta zo ji kenan, ta ɗauka mu mun sani.

Yajin shekara biyu. Matar da ta tsaya gabanmu kowace shekara tana cewa matar fasto ba ta yaji. Na rasa inda zan sa wannan. Shin ta yi nadama ne, shi ya sa take hana mu? Ko ba ta yi nadama ba, shi ya sa ta riƙe ni a gindin gadonta da ƙaryar jiri? Idan ta san zafin, don me ta mayar da matar Kambole? Idan kuma ta yarda da abin da take koyarwa, don me ba ta bar motar nan ta tafi da ni ba? Na ƙarasa wanke tukwanen, na sake wanke wasu da na riga na wanke.

Litinin da sassafe na shiga wajen Baba da kunu. Tun rasuwar bai cika magana ba, yana zaune a kujerarsa ta katako da Littafi a cinya a rufe. Ban taɓa yi masa tambayar da ta wuce lafiyar jiki ba, amma ranar na durƙusa na ce, “Baba, an gaya mini labarin Dapaong.” Bai yi mamaki ba, bai kuma tambayi wanda ya gaya mini ba. Ya ce gaskiya ne. Ya ce a shekara biyun nan awon auduga ya yi don ya ci abinci, kuma kowace Lahadi yana zama cikin jama'a yana jin wani yana wa'azi. Wata rana ya dawo da yamma ya tarar da ita tana share tsakar gida, yara suna wasa. Ta ɗago ta ce masa, “Tsintsiyar nan ta mutu, ka sayo wata.” Ya je ya sayo. Lahadin da ta biyo ta tsaya a gefensa ta ce ta yarda.

Na ce, “Baba, ta yafe maka?”

Ya ce, “Ban sani ba, 'yata. Na yi wa'azin gafara ba iyaka, tana zaune a gaba tana kallona. Ban taɓa tambayarta ba. Tsoro nake ji ta ce a'a.” Ya shafa bangon Littafin, ya ce, “Tun Asabar nake so in tambaye ta.”

Na fito na tarar da maigidana a ƙofar gida, ya yi wanka, ya sa rigarsa mai farin wuya, ya tsayar da masu babur biyu da za su kai mu tasha. Ya ce in yi sauri kada motar farko ta cika. Na ce ya sallami masu babur tukuna, ina da magana. Ya kalle ni, ya ce musu su ɗan jira a inuwa. Na gaya masa abin da Baba ya ce, duka, ban rage ba. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce Allah mai jinƙai ne, dubi yadda ya yi amfani da Baba duk da haka.

Na ce, “Ba abin da nake nufi kenan ba. Ka roƙi dattawa, ka roƙi Baba, ka kai wa babana goro. Ni ba ka tambaye ni ba.”

Na ga kunya ta hau fuskarsa, ba zan yi masa ƙarya ba, kunya ce ta gaske. Ya sauke murya ya ce, “To, kin yafe mini?”

Na ɗauka idan ya tambaya zan narke. Wata takwas ina jiran tambayar nan ban san ina jiranta ba. Na duba cikin zuciyata da gaske, kamar mai duba tukunya ko da saura, na ce, “A'a. Ban yafe ba tukuna. Ina so, amma ban yafe ba.”

Ya tsaya. Wani mai babur ya danna ƙaho. Na ga hawaye a idonsa, har na ɗaga hannu zan taɓa shi. Sai ya ce, “Amma dai za ki zo ki tsaya ranar Lahadi?”

Na mayar da hannuna.

Ban je ba. An ba wani ikilisiyar. Yana can Dapaong har yanzu, yana koyarwa a wata ƙaramar makaranta, yana kira kowace yamma, wani lokaci in ɗauka wani lokaci in ba yara. Matan zumunta sun daina zama kusa da ni, suna cewa da Mama tana raye da ban isa ba. Ba na yi musu musu, don ban sani ba. Wataƙila da ta kore ni da sanda har tasha, wataƙila da ta sake faɗuwa.

Goggo, idan kuskure na yi, a wurinki na koya. Idan daidai na yi, shi ma a wurinki na koya, kuma kin tafi ba ki gaya mini wanne ba ne. Ubangijin da kike wanke ƙafa kafin ki je gabansa ya karɓe ki, ya ba ki hutu, ko da ke ba ki bar mini shi ba.